Zane Biyar a Bangon Ɗaki

Albasa ta yi kuɗi bana.
Na ware wani abu a gwangwanin madara,
na ce da Hansatu: yaron nan zai ga lilon birni,
babban nan mai kama da ƙafar keke
wanda ya gani a wayar Malam Isiyaku
ya ƙi sakin ta har caji ya ƙare.

Ɗayyabu shekararsa takwas.
Maganarsa ba ta cika cokali ba,
amma duk abin da ke juyawa abokinsa ne:
ƙafar keken ɗinkin uwarsa,
fankar masallaci ran da aka kawo wuta,
guga in igiya ta murɗe tana warwarewa.
Likita ta ce otizim.
Inna ta ce iska ce, ta turara ɗaki.
Ni dai abin da na sani,
in injin niƙan Haladu ya tashi
ɗana yakan toshe kunne ya durƙusa
kamar sama ce ta faɗo masa shi kaɗai.

Irin wannan yaro ba a yi masa ba-zata.

Don haka muka zauna lissafi bayan isha'i.
Ban da ranar Sallah, garin cika yake.
Ban da Juma'a, kasuwar Wudil na ci,
mota sai ta yi awa a bakin gada ana ta ham.
Talata, da hantsi,
yaran birni suna aji.
Na roƙi Sagiru direba kujerar gaba, jikin taga,
ya yi alkawarin kashe rediyo.

Hansatu ta ɗinka auduga cikin hular sanyi
daidai kunnuwa.
Ta rubuta lambata a cikin wuyan rigarsa,
sannan ta juya baya, wai zare take nema.
Ɗanwake babu yaji,
a shuɗin kwanon nan mai tsaga,
in ba shi ba, ba zai ci ba.

Ni kuma na ɗauki gawayi
na zana masa tafiyar a bango:
mota,
gada,
ƙofa,
lilo,
gida.
Motata ta fi kama da akuya,
amma ya gane.
Kullum da yamma mu bi su da yatsa.
Sau uku mun je tashar Gaya a babur,
mu tsaya, mu kalli motoci, mu dawo.
Na farko ya cije ni a hannu.
Na uku ya riƙe min riga kawai.

A majalisa Garbati ya ce,
kuɗin taki za ka kai wa lilo?
Yaron da ba zai ma ba da labari ba?
Na yi shiru.
Ni ma labarin ba ni da tabbacinsa.
Wataƙila mu isa ƙofa ya ƙi shiga.
Wataƙila ya kwanta a ƙasa yana ihu,
mutane su kewaye mu da ido da shawara.
In haka ta faru zan zauna kusa da shi a ƙasan
har ya gama.
In kuma daga waje ya tsaya
yana kallon abin yana juyawa,
yana kaɗa hannuwa kamar ɗan tsako,
to kuɗin mota ya biya.

Jiya da dare na farka, babu shi a tabarma.
Na haska tocila.
Yana tsaye gaban bango
da marafan lemonsa da ba ya bari a taɓa.
Ya ajiye ɗaya ƙarƙashin mota,
ɗaya gada, ɗaya ƙofa, ɗaya lilo.
Sauran duka, kusan talatin,
ya tara su ƙarƙashin gida.

Na ce, za mu dawo, Ɗayyabu.
Kafin magariba.

Bai kalle ni ba.
Ya ɗauki ɗaya daga tarin,
ya daɗe yana juya shi a tafinsa,
ya ƙara wa lilo.