Littafin Baba Gariba

A Aboabo, inda kwata ke bin gindin katanga,
Baba ya bar mini shago mai warin sassaƙe
da littafi ɗaya, bangonsa fatar akuya.
Bokon dare ya yi, bayan ya rufe rumfa,
ba wanda ya nuna masa ƙugiya a kan harafi.
Ka da ƙa uwa ɗaya uba ɗaya suke a alƙalaminsa,
kamar yadda suke a bakin yaran Zango.

Shafi na uku ya ce: jika kanwa.
Ni da na ci shekaru ina haddar sinadarai,
na tsaya a nan kamar jaki a bakin gada.
Jiƙa kanwa, a tace, a sha don kumburin ciki?
Ko jika da ƙanwa yake kira,
Hurera da ɗanta, su zo su zauna kusa?
A ƙasa ya ƙara: kanya.
Wannan itace ce, 'ya'yanta na ɗaure baki in ba su nuna ba.
Harafi ɗaya ya raba gishirin ƙasa da inuwar daji.

Na bi shi shafi shafi.
Ƙirji, inda tari ke kwana.
Ƙurji, da ke hana yaro zama.
Ƙirya, wadda maƙera ke so don wutarta ba ta garaje.
Maɗaci yana tsaye a bakin hanya,
maɗaciya tana ɓoye a ƙarƙashin hanta,
ɗacin ne kawai gadonsu.
Farar wuta ba farar ƙasa ba ce:
ɗaya a shafa wa ƙazuwa, ɗaya a shafa wa bango.
Shawara kan rina ido ruwan ɗorawa,
shawara kuma ita muke nema in idon ya rinu.
A gefen basir ya rubuta basira,
ya ja layi biyu, ina jin dariyarsa har yanzu.

Ran Talata Hurera ta sauko daga mota a Kejetia
da takardar asibiti a ƙulle cikin gefen zani.
Ta ce, Yaya, likita ya faɗa da Turanci,
wani ma'aikaci ɗan Asawase ya juya mini,
ban riƙe ba, sankara ya ce ko sanƙarau?
Ruwa na dukan kwanon shago.
Ɗaya na sandare wuya cikin kwana biyu,
ɗaya na cin mutum a hankali, kamar gara a azara.
Na warware takardar. Na karanta sau uku.
Na yi fatan a ce kuskuren ƙugiya ne.

Ba kuskure.

Kwalli ta sa da safe,
ƙwalla ta sauko da shi har haɓa.
Ban buɗe ko tulu ɗaya na Baba ba.
Na ce gobe da asuba za mu koma tare,
mu bi layi, mu ji abin da za su ce.

Da dare na juya shafin ƙarshe.
Kalmomi uku, hannu na rawa:
gawo, gawayi, gawa.
Gawo ba ya tsiro a Kumasi, ruwa ya yi masa yawa.
Can arewa ya san shi, kafin goro ya jawo shi kudu.
Ya kan ce itace ne mai taurin kai:
da damina yake zubar da ganye,
sai kowa ya bushe shi kuma ya yi kore.

Na ɗauki alƙalami in sa ƙugiyoyin da suka ɓata.
Na fara da shafi na uku,
na sa wa jiƙa tata.
A kan kanwa hannuna ya tsaya.
Hurera na barci a kan buhun saiwa,
ɗanta ya riƙe bakin zaninta.
Na goge wadda na sa.