Kyandir na Uku

Kakata Ilinka ba ta shiga kwale-kwale.
Ta ce tafkin Ohrid ya ci rabonsa a gidanmu,
ba za ta kai masa ƙari da ƙafarta ba.
Sai muka bi ta tudu,
matakala bayan matakala,
ni da ƙunshin burodi, ita da sanda da haki,
tana tsayawa wai za ta duba 'ya'yan ɓaure,
alhali gwiwa ce ta ce a dakata.

Cocin na zaune a goshin dutse
kamar tsohuwar da ta fito shan hantsi
ta manta da komawa ɗaki.
Jan tubali, rufi mai doro,
a ƙarƙashinsa ruwa, ruwa,
har inda ido zai gaji
ya bar wa duwatsun Albaniya sauran.

Baƙi sun riga mu isowa.
Sun ba cocin baya, suna yi wa wayoyinsu murmushi.
Wata ta roƙi kaka ta ɗan matsa daga hoto.
Ta matsa. Ba ta ko ɗaga kai ba.

Ciki duhu ne mai ƙamshin kakin zuma da tsohon turare.
Waliyyan bango sun koɗe:
wannan ba hanci,
wancan danshi ya lashe masa hannun sa albarka.
Idanun dai suna nan,
manya, ba ƙiftawa,
irin na wanda ya ji zancen tun kafin ka buɗe baki.

Vangel mai kyandir bai tambaye ta nawa ba.
Uku ya ƙirga mata, sirara kamar karan tsintsiya,
ya mayar da idonsa kan canji.

Faranti biyu ne na rairayi.
Na sama na masu numfashi,
na ƙasa na waɗanda suka riga mu.
Na farko ta kafa a sama: ni ce, da jarrabawata.
Na biyu ta durƙusa ta kafa a ƙasa:
kakana Metodi,
wanda ya cika a gadonsa, takalmansa a bakin ƙofa.

Na ukun ya tsaya a hannunta.

Kawu Trajan.
Shekara ashirin da shida ke nan
da kwale-kwalensa ya dawo da asuba shi kaɗai,
taru a naɗe, guzurin rana ba a taɓa ba.
Wasu suka ce ruwa.
Wasu suka ce an gan shi a ƙetare yana sayen taba,
har ya yi gemu.
Tafkin bai ce uffan ba.

Kakin ya gangaro mata kan yatsa, ba ta yarfe ba.
"In na sa shi ƙasa," in ji ta, ba da ni take ba,
"ni na binne shi.
In na sa shi sama,
na yi wa Allah ƙarya a cikin ɗakinsa."

Ta yi alamar gicciye da yatsu uku,
ta kare harshen wutar da tafi,
ta fito da shi rana tsaka,
inda kyandir ba ya da wani aiki.
Ta tsaya a bakin katanga, fuska ga ruwa.
Iska ta zo daga ƙetare
ta hure shi, kamar yadda ta yi bara.

Guntun ta jefa a aljihun gaba.
Na ji ya bugi 'yan'uwansa.

Muka zauna, muka gutsura burodi da cuku.
Ƙararrawa ta buga daga wani cocin can cikin gari.
A ƙasa, wani kwale-kwale ya kewayo dutsen,
mutum ɗaya a ciki, da hula.
Kaka ta daina tauna
har sai da ya juyo da fuska.

Sannan ta ce in miƙo mata gishiri.