Gwangwani Na Biyar

A Garwa, bayan rumfunan masu kifi,
akwai bango huɗu da ba a yi wa rufi,
benci a jere, taurari a sama,
a nan na ci ƙuruciyata, ni Bakari mai juya inji.
Tagata ba ta fi tafin hannu ba,
amma ta nan duniya ke fita ta hau farin bango.

Fim kan taso daga Duwala, ya kwana a Gaundare,
ya iso a akori-kura, a jigace, a ɗaure,
gwangwani biyar cikin buhun algarara.
Baƙi da fari ne, duk ya sha karce,
ko rana ake a ciki, sai ka ce yayyafi.
Mace da hula mai gashin tsuntsu,
namiji da doguwar kwat, taba a leɓe,
suna Faransanci ta hanci,
mu kuwa da ido muke ji.
Wa ya taɓa nemar wa hawaye tafinta?

In ya tsinke, sai ihu: "Bakari, kuɗinmu!"
In liƙe shi da jan farce, in hura, in mayar.

Daren wata Alhamis, Binuwai ta cika ta batse,
na kwance buhu na ƙirga: huɗu.
Na murza ido na sake ƙirgawa: huɗu.
Na biyar ya yi ɓatan kai a hanya.
Musye Nikola ya share zufa, ya ce, "Kunna kawai."

Na huɗu ya zo ƙarshe a tashar jirgin ƙasa.
Hayaƙi. Ƙararrawa. Tana tsaye da akwati,
shi yana keta taro, hularsa ta faɗi,
saura taku goma,
saura bakwai,
sai bango ya yi fari fat.

Ɓawon gyaɗa, warin takalmi, ashar
da Hausa da Fulatanci, duk a kaina.

Sai Astajam, mai soyayyen kifi a bakin ƙofa,
wadda ba ta taɓa yankar tikiti ba,
ta hudar kwano take leƙe tun bara,
ta haye benci, ta tsaya cikin haskena,
inuwarta ta cike bangon.

"Ku zauna! Ni na san ƙarshensa.
Ya iso. Ya kama akwatin.
Ta ce sake, bai sake ba.
Jirgi ya yi gaba ba ita.
Suka taka zuwa gida, ruwa na dukansu,
ta dafa masa shayi, sukari uku."

Tsit. Sannan tafi, har da fito.
Ba wanda ya kuma ambaton kuɗinsa.
Ni kuwa na manta ban kashe inji ba,
yana ta surutunsa, ni ina kallon inuwa.
Ashe tsakanin soyayye da soyayya
wasali ɗaya ne tak.

Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da akwatin nan.
Bara ta shiga jirgin da ba a yankar masa tikiti.
Na yi gudu, Allah ya sani,
ban iso ba.

Yau gidan silima sito ne na taki da auduga,
tagata kuma jemagu sun gaje ta.

Jiya jikana Hamajoda ya lalubo fim ɗin a waya,
ya ce, "Tsoho, ga bashin da kake bin Bature."
Na sa tabarau, na gani:
jirgi ya tafi da ita,
shi ya ɗauki hularsa, ya kaɗe, ya juya.

Na ce, "Kashe, ɗan nan.
Mutanen nan ba su san labarinsu ba.
Ni na ga gwangwani na biyar da idona:
ɗankwalinsa shuɗi ne,
hannunsa na ƙarnin kifi."