Mai Karanta Wasiƙun Dhok Mehra

Ni ne Karam Ilahi mai ido ɗaya,
wanda likitan soja ya duba ya ce koma gida.
Idon nan guda shi ya karanta wa ƙauyenmu kaf
abin da teku ya riƙa kawowa cikin ambulan.

Sun ce a wani birni, Sarayebo,
wani saurayi ya harbe yarima da matarsa.
To, sai me? Nan bakin kogin Jelam ma
ana zubar da jini a kan iyakar gona,
dattawa su zauna, a biya diyya,
kafin shuka kowa ya koma bayan garma.
Amma manyan can sun ɗaure juna da igiya a ƙugu:
in ka faɗa rijiya, ni ma na bi ka.
Shekara da shekaru suna ƙera jiragen ruwa,
wannan ya ƙirga na wancan, ya ƙara biyu,
suna yanka ƙasashen mutane a kan tebur
kamar mahauta sun taru a kan sa guda.
Ciyawa ta daɗe da bushewa.
Yaron nan ashana kawai ya kawo.

Sai ga mai ganga da alkawari:
rufi goma sha ɗaya a wata, takalmi da kaki.
Mai gari ya ce kowane gida ya ba da namiji,
in ba haka ba harajin bana zai yi haƙora.
Fanjab ta ba da alkama, ta ba da alfadarai,
ta ba da auduga da kirgin shanu.
Mu kuwa muka ba da arba'in da uku
daga ƙauye mai gida sittin,
har da Sahib Dad ɗan Nur Bhari,
wanda gemunsa bai gama tsirowa ba.

Daga Faransa suka rubuto: laka ta kai ƙugu,
iska ma a nan an koya mata kisa.
Daga Basara: ƙuda, zawo, rana a tsakar ka.
Ana tace wasiƙu, sai suka koyi zaurance.
Wani ya ce, "Damina ta yi yawa a nan,
kada ƙanena ya zo girbi."
Na gane. Na karanta sau biyu, a hankali,
ina kallon uban yaron har shi ma ya gane.

Ran da takardar Sahib Dad ta zo,
ba hannunsa ba ne, bugun inji ne, layi uku.
Nur Bhari na tsaye, gari a hannunta.
Bakina ya ƙi.
Na ce, "Yana gaishe ki, yana lafiya,
ya ce a kula da maraƙinsa."
Wata goma sha huɗu ina rubuta masa wasiƙu da fitila,
in wayi gari in karanta mata.

Wata safiya ta ce, "Karam Ilahi,
ɗana tun yana goye bai iya doguwar gaisuwa ba.
Na sani tun ranar farko.
Ci gaba, kada ka tsaya a tsakiya."
Na ci gaba. Takardar tana rawa.

Da wuta ta mutu, ashirin da shida suka dawo,
wasu da sanda, wani ba ya jure ƙarar tukunya.
Manya suka sa hannu a wani zaure mai madubai,
kowa yana ganin fuskarsa, ba ya ganin tamu.
Aka aiko wa Nur Bhari faifan tagulla
da sunan ɗanta cikin haruffan da ba ta sani ba.
Ta sa shi murfin tulun gishiri.

Maraƙin nan ya zama sa.
Jiya na gan ta a bayansa tana huɗa,
layin bai miƙe ba,
amma ta kai shi har ƙarshen gona.