Haƙori Arba'in da Ɗaya

Orvel ya ɗaga a-kori-kurar babana a kan jak,
ya ja layin alli a taya, ya ja wani a farfela.
"Marlys, juya ƙafafun sau ɗaya, ni zan ƙirga."
Na juya. Ƙarfe ya yi nishi kamar tsohon da aka tasa daga barci.
"Uku da rabi," in ji shi, yana shafa baƙin mai a wando.
"Tsohonki ya saye ta don shimfiɗaɗɗen titin Dakota,
ba don hawan dutse da amya tamanin a baya ba."

Ai na sani tun bara.
A hawan Homestake, watan Mayu, rana tsaka,
injin ya yi ta haki, allura ta haye ja,
lagireto ya tofar da ruwansa a gefen hanya.
Awa uku muna tsaye.
Ƙudan zuma ba ya jure tsayuwa a rana;
iskar tafiya ce fankarsa.
Na ji kukansu ya canza a ƙarƙashin raga,
ya yi sama, ya yi kauri, sannan ya fara raguwa.
Akwati goma sha ɗaya na share da tsintsiya a Butte.

Orvel ya ajiye faifai biyu a kan benci,
kowanne haƙori arba'in da ɗaya.
Bambancin yana wurin ƙanensu:
wannan goma sha ɗaya, wancan goma cif.
Haƙori guda tak!
Ko yaro mai famfara ya fi haka asara.
"Da na farko, uku da ɗigo saba'in da uku,
za ki hau, amma da addu'a.
Da na biyu, huɗu da ɗigo goma,
za ki ja tirela kamar an ɗaura miki zare.
Sai dai gidan mai zai san sunanki,
in kin dawo fayau kuma, injin zai yi ta ihu
tun daga Billings har ƙofar gida."

Babana mutum ne mai rubuta kowane galan
a ɗan littafi mai kunnen jaki.
Yana nan a aljihun mota, da fensirinsa.
Na buɗe. Shekara goma sha tara na lissafi,
ba layi ɗaya da ya ce an yi hasarar kwabo.
Ba kuma layin da ya ambaci dutse:
shi bai taɓa kai ƙudansa gonakin almon ba.
Zamaninsa furen gida ya ishi kowa.

Na tsaya ina juya ƙaramin a tafin hannu,
sanyi, nauyi, ƙamshin sabon giris.
Sana'ar nan dama haka take, ga zaƙi ga harbi,
ba a kuma gudu ana susa.
Na ce, "Sa mai goma."
Orvel bai ce na yi daidai ba.
Ya dai ce in ba shi kwana biyu,
kuma mil ɗari biyar na farko kada in ja komai,
sai haƙoran sun saba da juna.

Jiya na sauko daga Homestake da asuba,
allura a tsakiya, ko gezau.
A baya, tamanin suna ta gunaguninsu na ƙoshin lafiya.
A gidan mai na Whitehall na cika tanki,
na ga kuɗin, na ja tsaki,
na ɗauko fensirin baba na rubuta,
a ƙasan lambarsa ta ƙarshe,
tawa, wadda ta fi tasa muni.
Gefenta na ƙara abin da bai taɓa rubutawa ba:
duka sun iso.