Kalma Mai Mai Ita

Ƙarfe ɗaya na dare a Jekadafari,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni da hasken kwamfuta
da shafin makarantar Malama Asabe
da na yi alkawarin miƙawa kafin Litinin.

Abu kaɗan nake nema:
tsakanin baka biyu masu lanƙwasa
in sa sunan yaro, in sa ajinsa,
shafi ya cike gurbin da kansa.
Na rubuta kalmar aji da Turancinta,
sai jan rubutu ya taso mini:
wannan kalma tana da mai ita.

Na sake. Ya sake.
Ashe harshen ya ware wasu kalmomi ya kulle a adaka.
"Idan" tasa ce, "sabo" tasa ce,
"gaskiya" da "ƙarya" duk ya riƙe,
ko "babu" bai ba ni aro ba.
In ka ɗauki ɗaya ka raɗa wa kayanka
sai ya zaci umarni kake ba shi,
ya tsaya cak, bai san wa ake kira ba.

Na ja tsaki. Sai na tuna Dada.

Shekara talatin da ɗaya
bakinta bai taɓa cewa Ilyasu ba.
Sunan surukinta ne, ni na gada.
A wurinta ni Dikko ne,
ran da na ɓata mata rai kuwa, "kai wannan".
Da malamin asibiti a Bajoga
ya ɗaga biro ya ce, sunan yaron?
ta dubi ƙasa, ta dubi ƙanwata.
Hansatu ce ta faɗa,
tana 'yar shekara shida.

Ban taɓa jin an rage mini komai ba.
Sunan yana nan,
an dai ajiye shi inda ya fi nauyi.

Na goge abin da na rubuta.
Na sa ajinYaro, da Hausa, a haɗe.
Harshen bai san ta ba,
don haka bai hana ni ba.
Shafi ya buɗe:
Zuwaira Manu, aji uku.
Babayo Jauro, aji biyar.
Sunaye ɗari da sha bakwai suka sauko a jere.

Da asuba waya ta yi ƙara.
Dikko, ta ce, ka kwanta kuwa?
Na ce mata yanzu.