Tari

A Aboabo ɗakina yake, bayan mai gasa tsire,
taga ɗaya, fanka mai gurnani,
da kwamfutar da na saya ta hannu a Adum,
wadda harafin A ɗinta ya goge tun kafin mu haɗu.

Ni ba na kiɗa. Tara kiɗa nake yi.
Na bi Suame da ƙaramar na'ura a aljihu,
na kamo guduma tana faɗa wa bodin mota,
na kamo ƙofar tirotiro da yaron mota ya buga da haushi,
da taɓaryar Maame Akosua a turmin sakwara,
da ruwan Yuni a kan kwanon masallaci.

Da dare sai in zauna yanka kamar mahauci,
nan tsoka, nan ƙashi, wannan kitse ne a jefar.
Kowane bugu na ba shi suna da ɗaki.
Masu nauyi can ƙasa, masu kaifi nan kusa,
masu ƙara kamar an mari ruwa suna da nasu zauren.
Akwai guduma ta bakwai, akwai ƙofa-mai-haushi ta biyu,
akwai wata da na kasa raɗa wa suna,
na rubuta "Laraba da yamma" na bar ta haka.
Abin da ya rage, atishawa, jan kujera, rabin kukan akuya,
na zuba a jakar da na kira Shara.

Duk wanda ya zo da filash na cika masa.
Fusaini ya kwasa, Kwabena ya kwasa har sau uku,
Adiza ta roƙa daga Nima, na tura mata tsakar dare
lokacin da data ke araha.
Har Shara na ba su, ba ta da nauyi a zuciya.

Jaka ɗaya ce ban ba kowa ba.
Baba Jatau, makaɗin 'yan fawa,
ya zauna mini wata Asabar a kan buhun gawayi,
ya matse kalangu a hammata, ya ba ni bugu arba'in da ɗaya,
ɗaya bayan ɗaya, yana dariyar wannan aikin banza:
"Yaro, wa ke sayen magana kalma-kalma?"
Bai kai azumi ba.
Na kulle jakar, na ce sai na iya, sai na isa,
sai ranar da hannuna ya cancanci nasa.

Ranar Talata wuta ta tafi, ta dawo da fushi.
Rumbun ya yi ƙyas, ƙyas, ya yi shiru.
Mai gyara a Kejetia ya kara shi a kunne
kamar mai gwada ƙwai, ya miƙo mini, ya girgiza kai.

Kafin Juma'a sautuka suka fara dawowa gida.
Guduma ta bakwai ta zo da sabon suna na Turanci,
ruwan Yuni ya zo Kwabena ya ƙara masa amo,
taɓarya ta zo sau huɗu daga hannu huɗu.
Kalangu bai zo ba. Daga ina zai fito?

Sai Adiza ta turo wani kiɗa da ta haɗa,
ta ce in saurari abin da ta sa kafin ganga ta faɗo,
a Shara ta tsince shi, lamba goma sha tara.
Na sa a kunne.
Tari ne, gajere, na tsoho mai cin goro,
wanda yakan yi kafin ya ɗaga gula.
Ni na yanke shi da hannuna, na ce datti ne.

Yanzu yana yawo a motocin Ankara,
duk bayan bugu takwas Baba Jatau na gyara murya,
fasinja na gyaɗa kai, ba su san magana za a fara ba.

Na buɗe sabuwar jaka. Abu ɗaya ne a ciki.
Na daɗe ina kallon wurin da ake rubuta suna.